Ganyen Shayi Iri-Iri Ne: Mu San Abin da Muke Zubawa a Buta



Da wuya a sami unguwa a ƙasashenmu, tun daga Agadas zuwa Damagaram, daga Yamai zuwa Marwa da Anjamena, inda yini zai wuce ba a ɗora butar shayi a kan gawayi ba. Da shi ake tarbar baƙo, da shi ake raya hira a ƙofar gida, kuma shi ne ginshiƙin majalisun matasa da ake kira fada, waɗanda suka yawaita a biranen Nijar tun shekarun 1990. Sai dai idan aka tambayi mai dafawa wane ganye ya zuba, amsarsa ba ta wuce ya faɗi sunan da ke jikin kwali. Abin da magidanci ke fitar wa kuɗi kullum, iyalinsa kuma suna sa shi a cikinsu safe da yamma, ya cancanci a san shi fiye da haka. Ganyen shayi iri-iri ne, kowane da ɗanɗanonsa da irin ruwan da yake so, amma yawan tafasawa da yawan sukari sun sa duk sun zama ɗaya a bakinmu.

Itace ɗaya, sarrafawa daban-daban

Duk shayin gaskiya daga itace ɗaya yake fitowa, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Asalinsa duwatsun kudu maso yammacin ƙasar Sin ne da yankunan da ke maƙwabtaka da su. Yana da manyan jinsi biyu: na Sin mai ƙananan ganye, mai jure sanyi, da na Asam a ƙasar Indiya mai faffaɗan ganye, mai son zafi da laima. Itacen yana buƙatar ruwan sama da ya haura milimita 1,200 a shekara, shi ya sa ba ya yi a Sahel, inda birni kamar Yamai bai cika samun rabin haka ba. Masu tsinka sun fi neman toho da ganye biyu na saman reshe, kuma sai an tara kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen ganye kafin a sami kilo ɗaya busasshe.

To, idan itacen ɗaya ne, me ya raba kore da baƙi? Duk wanda ya taɓa ɓare farin goro ya ajiye ya ga yadda iska ke rina shi ja cikin ɗan lokaci. Haka ganyen shayi yake. Idan aka murje shi aka bar iska ta ratsa shi, sai ya yi duhu, ƙamshinsa ya sauya, ya zama baƙin shayi. Idan kuwa aka yi sauri aka gasa shi a kasko ko aka turara shi tun yana ɗanye, zafin zai tsayar da rinuwar, ya zauna kore. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakai, har mutanen Sin suka kasa shayi gida shida: kore, fari, rawaya, ulon, ja, da mai duhu wanda ake bari ya tsufa. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. A sha'anin shayi, sanin lokacin da za a sa wa ganye wuta shi ne sana'ar.

Mutanen Sin sun daɗe da wannan ilimi. Wajen shekara ta 760 wani malaminsu mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan noman shayi da sarrafa shi da zaɓen ruwansa. Turawa kuwa sun yi shekaru masu yawa suna ɗaukar kore da baƙi itatuwa biyu ne, har sai da wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan, Robert Fortune, ya shiga gonakin Sin a shekarun 1840 ya gane wa idonsa.

Yadda ya iso mana

Sunan kansa yana ɗauke da labarin hanyar da ya biyo. A yawancin ƙasar Sin ana kiransa ca. Daga nan sunan ya bi ayarin fatake ta ƙasa zuwa Farisa, ya shiga Larabci a matsayin shay, mu kuma muka ce shayi. Mutanen gaɓar tekun Fujiyan suna cewa te, kuma daga bakinsu ƴan kasuwar Holan suka ɗauki sunan da ya bazu a Turai. Atay na mutanen Magrib da ataya na Senegal suna cikin wannan dangi na biyu.

Koren shayi ya shiga Maroko a ƙarni na 18, yana abin fadar sarki da manyan attajirai. Masu tarihi da yawa suna danganta yaɗuwarsa cikin talakawa da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da hanyar wasu kasuwanni ta toshe wa ƴan kasuwar Ingila, suka karkata da hajarsu zuwa tashoshin jiragen ruwa na Tanja da Sawira. Daga can raƙuma suka ratsa da shi hamada, tare da ƴar butar ƙarfe, da ƙananan finjalai, da dunƙulen sukarin da ake fasawa da guduma. Larabawan hamada da Abzinawa suka karɓe shi, mu kuma a wurinsu muka koyi dahuwa uku da ɗaga buta sama don a tayar da kumfa. Har yau Maroko tana sahun gaba a ƙasashen da ke sayen koren shayin Sin, kuma ƙasashen yammacin Afirka suna biye da ita.

Koren ganye da lambobinsa

Kusan duk koren shayin da ke kasuwanninmu ɗayan biyu ne. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa Chunmee a jikin kwali. Ma'anar sunan a harshen Sin ita ce gira mai daraja, saboda ganyen siriri ne mai ɗan lanƙwasa kamar gira. Yana da ɗaci mai ɗan tsami-tsami, yana jure wuta, yana kuma ba da kumfa, abin da ya sa ya dace da dahuwarmu. Na biyu shi ne wanda ake nannaɗewa ƙwaya-ƙwaya, wanda asalinsa lardin Zhejiang ne. Mutanen Sin suna ce masa shayin lu'ulu'u, Turawa kuma suka kamanta shi da ƙwayar albarushi, shi ya sa ake ganin Gunpowder a kwalinsa. Shi mutanen Maroko suka fi haɗawa da na'ana'a.

Lambobin da ke jikin kwali ba ado ba ne, matakan daraja ne. A dangin Chunmee, 41022 da 4011 suna sama, 9371 yana tsakiya, 9367 da 9366 kuma suna ƙasa, inda karyayyen ganye da tsinke da gari suka fi yawa. Lambar 3505 ta mai ƙwaya ce. Amma lamba rubutu ce kawai, kuma kamfanoni biyu suna iya buga lamba ɗaya a kan ganye mabambanta. Hukuncin ƙarshe na ido ne da hanci.

Bayan waɗannan akwai koren shayin da ba a yi shi don tafasawa ba. Longjing na kusa da birnin Hangzhou ana gasa shi da hannu a kasko har ya baje, ɗanɗanonsa kuma yana kama da na soyayyar gyaɗa mai laushi. Senca na Japan turara shi ake yi, ruwansa kore shar, mai ƙamshin ɗanyar ciyawar damina. Akwai kuma wanda ake shimfiɗawa da furen yasmin dare bayan dare har ya sha ƙamshinsa, sana'ar da birnin Fuzhou ya shahara da ita.

Baƙi a ganye, ja a kofi

Abin da Turawa ke kira baƙin shayi, mutanen Sin ja suke ce masa, haka ma Larabawan Cadi da Sudan, domin su launin ruwan suke dubawa. Yaɗuwarsa a duniya aikin mulkin mallakar Ingila ne. A 1823 aka nuna wa wani Bature, Robert Bruce, itacen shayi da ke fitowa da kansa a dazukan Asam, inda mutanen wurin suka daɗe suna amfani da shi. A 1841 aka fara gwada shuka shi a Darjilin, a gindin duwatsun Himalaya. A tsibirin Silon, wanda ya koma Siri Lanka a 1972, James Taylor ya kafa gonar farko a 1867, kuma da cuta ta cinye gonakin kofi na tsibirin sai manoma suka rungumi shayi.

Kowane wuri da halinsa. Na Asam yana da kauri da ƙarfi, yana karɓar madara. Na Darjilin sassauƙa ne, mai ƙamshi kamar na inabi, madara kuma tana kashe shi. Na tsaunukan Siri Lanka garau yake, mai ɗan kaifi, yana tafiya da lemun tsami.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. An shuka shayi a Limuru ta ƙasar Kenya a 1903, kuma yau Kenya ce ta uku a noman shayi bayan Sin da Indiya, ita ce kuma kan gaba wajen fitar da baƙin shayi zuwa kasuwannin duniya. A birnin Mombasa ake gwanjon ganyen Kenya da na maƙwabtanta irin su Yuganda da Ruwanda da Burundi. Kusa da mu, an kafa gonaki a Tole da Ndu da Djuttitsa cikin Kamaru, da Kakara a kan tsaunin Mambila cikin jihar Taraba ta Najeriya, da Farako kusa da Sikaso a Mali. Wanda ya sami ganyen waɗannan wurare ya ɗanɗana, domin bai sha doguwar tafiyar teku ba.

Yawancin baƙin shayin Afirka da injin ake yanka shi, a yage shi, a dunƙule shi ƙanana kamar gero. Ana kiran hanyar CTC, an kuma ƙirƙiro ta a Asam wajen 1930. Irin wannan yana sakin launi da ƙarfi nan take, shi ya sa mai shayin bakin tasha ke son sa. Ɗan ƙunshin nan mai zare da ake tsomawa a kofi, wanda ya fara yaɗuwa daga Amurka a farkon ƙarni na 20, galibi da mafi ƙanƙantar ɓarɓashi ake cika shi. Yana da sauƙi ga mai gaggawa, amma takarda ta rufe abin da ke ciki, kuma jiƙo ɗaya yake yi ya mutu. Sakakken ganye kuwa ana ganin sa, ana shinshina shi, ana auna shi yadda ake so.

Baƙin da ba mu saba da su ba

Masu zuwa Guwanzu da Dubai fatauci, da ɗalibanmu da ke karatu a waje, sukan dawo da tsarabar wani ganye a gwangwani, a rasa yadda za a yi da shi, a ƙarshe a tafasa shi da sukari a ce ba shi da ƙarfi. Sau da yawa ulon ne, wanda aka tsayar da rinuwarsa a tsakiyar hanya. Lardin Fujiyan da tsibirin Taiwan ne gidansa. Wani yana ƙamshin fure, wani na gasasshen hatsi, kuma ganye ɗaya yana ba da jiƙo biyar ko fiye, kowane da ɗan bambancinsa. Farin shayi kuwa ba a murza shi ba, ba a gasa shi ba, shanya shi kawai aka yi. Ruwansa fari-fari ne, zaƙinsa a ɓoye, sai mai natsuwa ke jin sa. Fu'ar na lardin Yunan ana danne shi kamar ƙosai mai faɗi a ajiye shekaru, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko, kuma can bayan cin maiƙo suka fi shan sa.

Ya kamata mu bambanta waɗannan da abubuwan da muke kira shayi alhali ba daga itacen suka fito ba. Zoɓo, wanda ƴan Sudan da Cadi ke kira karkade, da ganyen geza da mutanen Senegal da Mali ke kira kinkeliba, da na'ana'a, citta, kanumfari da kirfa, duk jiƙo ne masu daɗi, kuma ba su da sinadarin kafeyin mai hana barci. Su suka fi dacewa da yara da kuma daren da ake son a kwanta da wuri.

A kasuwa da ɗakin ajiya

Mai saye ya zuba ɗan ganye a tafin hannu ko a farar takarda. Mai kyau girmansa kusan ɗaya ne, launinsa ɗaya, ba tsinke da yawa, ba gari a ƙasa. Idan an murza shi ya karye ƙaras, a bushe yake. Idan ya lanƙwashe, ya sha laima. A hura masa numfashi a shinshina: warin rima ko na tsohon buhu alama ce ta a bar shi. Bayan an jiƙa, a dubi abin da ya rage a buta. Ganye na ƙwarai yana buɗewa a ga siffarsa, na banza kuwa sai dai a ga taɓo.

Araha ba ta ado. Giram 100 na ganye mai kyau, idan ana ɗibar giram 2 a kowane kofi, zai ba da kofi 50, kuma idan cikakken ganye ne a sake jiƙa shi sau biyu ko uku. Mai arha kuwa sai an cika hannu, sannan a bi shi da sukari don a danne ɗacinsa, ribar da aka ci wurin ganye ta tafi wurin mai sukari.

Ganyen shayi yana shan warin duk abin da ke kusa da shi. Uwargida ta nisanta shi da daddawa da kayan yaji da turaren wuta da kananzir, ta zuba shi a gwangwani mai murfi sosai, inda rana ba ta bugu, laimar damina da ƙurar hunturu kuma ba sa shiga. Kore ya fi saurin tsufa, gara a sayi wanda za a shanye cikin ƴan watanni. Baƙi yana iya kai shekara biyu.

Tafasawa da jiƙawa

Dahuwarmu ta gargajiya tana da hikimarta. Ana ɗauraye ganye da ruwan zafi a zubar don a rabu da ƙura, a tafasa shi a hankali a kan gawayi, a yi ta juyawa tsakanin buta da finjali har kumfa ta tsaya, a sha na farko mai ɗaci, na biyu madaidaici, na uku mai sauƙi. Tsawon lokacin da take ci shi ne amfaninta, domin a cikinsa ake gaisawa, a ji matsalar juna, a sasanta masu saɓani. Ganyen Chunmee an yi shi ne don wannan.

Sauran ganyaye jiƙawa suke so. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kofi ɗaya. Baƙin shayi a zuba masa ruwan da ya tafasa yanzu, a rufe minti 3 zuwa 5, a tace. Kore da fari ba sa son ruwan da ya wuce digiri 70 zuwa 80. Wanda ba shi da ma'auni ya sauke ruwan, ya bar shi a buɗe kamar minti 5, sannan ya zuba, ya tace bayan minti 2 ko 3. Ulon yana tsakani. Ruwan ma yana da nasa hannu: na rijiyar da ke da kanwa ko gishiri yana dushe launi, ya bar wani yanayi a saman kofi. Muna ba masu karatu shawara su gwada abu ɗaya a gida: a raba ganye ɗaya biyu, a tafasa rabi, a jiƙa rabi, a kurɓi kowane kafin a sa sukari. Gani ya kori ji, ɗanɗano kuma ya kori gardama.

Zuma ga zaƙi ga harbi

Shayi yana wartsakar da jiki, yana kaifafa hankali, amma akwai abubuwa huɗu da kowane gida ya kamata ya kiyaye.

Na farko sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, kuma rabin haka ya fi. Ƙwayar sukarin kwali ɗaya tana kai giram 5 ko kusa da haka. Mai zaman fada da safe, da la'asar, da dare, ya ƙirga da kansa. Ciwon sukari da ruɓewar haƙori ba sa sallama kafin su shigo. Ganye mai kyau da aka jiƙa daidai ba ya ɗacin da zai nemi sukari mai yawa, kuma a nan daɗi da lafiya suka haɗu.

Na biyu ƙarancin jini, wanda ya addabi mata da ƙananan yara a yankinmu. Sinadarin da ke sa shayi ɗaure baki yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin gero da wake da ganyaye. Don haka a bar tazarar sa'a guda tsakanin cin abinci da shan shayi, musamman ga mai juna biyu, da mai shayarwa, da wadda likita ya ba maganin ƙarin jini. Yaron da ake yaye kuma, kada a mayar masa da shayi madadin kunu da nono.

Na uku barci. Kafeyin ɗin da ke cikin shayi shi ne dai na goro da kofi, kuma bayan sa'a biyar kusan rabinsa yana nan a jiki. Ɗaurayar farko ba ta fitar da shi sai kaɗan. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a yini ba ya cutar da lafiyayyen babba, mai ciki kuma ta tsaya a 200. Kofi ɗaya na baƙin shayi yana ɗauke da 40 zuwa 50, dafaffen na farko kuwa, duk da ƙanƙantar finjalinsa, mai kauri ne ƙwarai. Ɗalibin da ya sha shi bayan isha ya san abin da ke hana shi tashi da asuba. A watan azumi ma, gara a fara da ruwa da abinci kafin a kai ga buta, domin mai ɗaci a kan cikin da ba kome yana tayar da zuciya.

Na huɗu zafi. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin maƙogwaro. Laifin na zafin ne, ba na ganyen ba. Kurɓar gaggawa daga wuta zuwa baki ba jarumtaka ba ce. A bari ya huce.

Kammalawa

A ƙarshen 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Mayu ta kowace shekara don tunawa da shayi da miliyoyin manoman da ke rayuwa a kansa, waɗanda yawancinsu masu ƙananan gonaki ne, masu tsinkar kuma galibi mata. Ganyen da ke cikin butarmu ya bi ta hannaye da yawa, ya hau tsauni ya ratsa teku kafin ya iso kantin unguwa. Hakkinsa a kanmu shi ne mu zaɓe shi da ido, mu ajiye shi da kula, mu ba kowane irin ruwan da ya dace da shi. Magidanci ya gwada kawo wa iyalinsa wani sabon iri lokaci-lokaci, ko da giram 50 ne, a zauna tare a ɗanɗana, yara su ji daga wace ƙasa ya fito da yadda aka sarrafa shi. Baƙon da ya zo kuma a tambaye shi wanne yake so, mai ɗaci ko mai sauƙi, da sukari ko babu.